Manhaja, Kuɗin Tallafi da Lauyan Talaka

Aikin fasaha a fagen taimakon shari'a shi ne duk shirin da ake amfani da waya, kwamfuta ko intanet domin kusanto da lauya ga wanda ba shi da halin ɗaukarsa. Yana iya zama layin waya na kyauta da mace za ta kira ta tambayi haƙƙinta a gado, ko manhajar da ke ajiye sunayen waɗanda ke tsare da ranar da aka kama kowannensu, ko na'urar bidiyo da ke haɗa alƙali da wanda ake tuhuma ba sai an ɗauko shi daga gidan gyaran hali ba. A Nijeriya akasarin irin waɗannan ayyuka da kuɗin tallafi ake yin su, wato kuɗin da wata gidauniya ko gwamnatin wata ƙasa ke bayarwa domin a yi takamaiman aiki cikin ƙayyadadden lokaci.

Ɓangarori uku ne ke haɗuwa a aikin: mai ba da kuɗi, ƙungiyar da ke taimaka wa jama'a da shari'a, da masu haɗa manhaja. Kowanne da lokacin da yake lissafi da shi. Mai tallafi yana duban wa'adin shekara biyu ko uku, mai manhaja yana duban ranar miƙa aiki, lauya kuwa ranar zaman kotu ce a gabansa. Wa'adin tallafi yana ƙarewa, amma shari'o'in da aka ɗauka ba sa ƙarewa tare da shi. Saboda haka babban nauyin mai tafiyar da aikin shi ne ya gina abin da zai ci gaba da amfani bayan kuɗin sun tsaya.

Inda buƙatar take

Daudawa gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Faskari, a kudancin jihar Katsina. Tun zamanin Turawa aka san shi da gonar irin auduga, yau kuma masara, dawa da waken suya sun cika gonakinsa. Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma matsalolin shari'ar da ke damun mutanensu kusan iri ɗaya ne: rabon gado, iyakar gona, jinginar gona da aronta, bashin taki, ɓarnar dabbobi, da ciyar da 'ya'ya bayan rabuwar aure. Yawancin waɗannan a gaban mai unguwa, dagaci, hakimi ko liman ake sasanta su, abin da ya gagara ya wuce kotun shari'ar Musulunci. Lauyoyi kuwa sun fi taruwa a manyan garuruwa irin su Funtua da Katsina.

Matsalar tsaro ta ƙara wani nauyi. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, kuma sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya sa duniya ta san halin da ake ciki. Duk inda ake yawan kame, akan samu mutanen da ke tsare suna jiran a tantance laifinsu, iyalansu kuma ba su san ƙofar da za su buga ba.

Doka ta kafa wa'adi a kan haka. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta wajabta wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ta kuma sa hukumar gidajen gyaran hali ta riƙa aika jerin waɗanda suka haura kwana 180 suna jiran shari'a duk bayan kwana 90. Jihohi, har da Katsina, sun yi nasu dokokin a kan wannan tafarki. Duk da haka, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba. Dukkan waɗannan wa'adodi lissafin kwanaki ne, lissafin kwanaki kuwa aiki ne da kwamfuta ta fi rijistar takarda iyawa. Nan ne fasaha ke da gurbi.

Abokan aiki da tarihinsu

Babbar abokiyar aiki a wannan fage ita ce Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa, wadda jama'a suka fi sani da Legal Aid. An kafa ta a 1976, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2011 ce, tana kuma da ofis a kowace jiha. A bisa ƙa'ida tana taimakon wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Dokar 2011 ta kuma amince da aikin mataimakan lauyoyi, wato mutanen gari da aka horar su ba da shawarar farko, su sasanta abin da zai sasantu, su tura sauran ga lauya. Bayan ita akwai Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ɗakunan taimakon shari'a na jami'o'i irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ƙungiyoyin sa-kai kamar cibiyar Isa Wali ta Kano, wadda ta horar da mataimakan lauyoyi a karkara.

Haɗa fasaha da wannan aiki ba yau aka fara ba. A tsakiyar shekarun 2000 Hukumar Taimakon Shari'a, rundunar 'yan sanda da gidauniyar Open Society suka soma shirin ajiye lauyoyi a caji ofis a jihohin Sakkwato, Kaduna, Imo da Ondo, inda matasan lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima ke ganawa da wanda aka kama tun a sa'o'in farko. Shirin ya haɗa da wata manhaja mai suna CRIMSYS domin bibiyar mutum daga kamawa zuwa kotu. Daga baya shirin RoLAC, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2017, ya yi aiki da kotuna da ƙungiyoyi a jihohi da suka haɗa da Kano da Adamawa, gidauniyar MacArthur kuma ta zuba tallafi wajen aiwatar da dokar 2015. A Amurka, hukumar da ke ɗaukar nauyin lauyoyin marasa hali ta ware tallafi na musamman domin ayyukan fasaha tun shekarar 2000. Darasin da ake ta samu a ko'ina ɗaya ne: haɗa manhaja ya fi sauƙi a kan samun mutanen da za su riƙa cika ta kullum.

Kafin a nemi kuɗi

Aikin kirki yana farawa ne da bin sawun shari'a guda daga farko zuwa ƙarshe. An kama matashi a wani ƙauye na Faskari bisa zargin babban laifi. An tsare shi a caji ofis, an wuce da shi sashen binciken manyan laifuka a Katsina, an kai shi gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraren irin wannan ƙara, an tura shi gidan gyaran hali, an aika fayil Ma'aikatar Shari'a domin shawarar lauyan gwamnati. A wane mataki takarda ke maƙalewa? Wa ya san tana can? Wanda ya bi wannan hanya da ƙafarsa zai gane ko manhaja ake buƙata, ko kuwa kuɗin mota da injin kwafin takardu.

Sai bayan haka ake rubuta takardar neman tallafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙungiyar da ke Abuja ko Kano ta rubuta komai ita kaɗai, ta sa sunan abokan aikinta na Funtua a shafin ƙarshe, sannan ta sanar da su bayan kuɗi sun fito. Lauyan da ba a shawarce shi ba zai ɗauki manhajar a matsayin ƙarin aiki da aka ɗora masa. Takarda mai kyau tana bayyana matsala guda, mutanen da za su amfana, abin da za a gina, wanda zai yi amfani da shi, da wanda zai riƙe shi daga baya. Masu ba da tallafi kan nemi shaidar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, takardar sashen SCUML mai sa ido kan safarar kuɗi, da rahoton binciken kuɗin ƙungiya na shekarun baya. Ƙaramar ƙungiyar da ba ta da waɗannan takan shiga a ƙarƙashin babba.

Yarjejeniya tsakanin abokan aiki

Zumunci da sanayya ba sa maye gurbin rubutu. Yarjejeniyar fahimtar juna tana fayyace wanda zai shigar da bayanai, wanda zai duba ingancinsu, wanda ke da ikon cewa a sauya wani abu a manhajar, da wanda za a kira idan ta tsaya. A kowace ƙungiya ana naɗa mutum ɗaya da aikin ke wuyansa, a kuma biya wani kaso na albashinsa daga tallafin, domin aikin da aka bar wa kowa ba mai yin sa.

Hukumomin gwamnati suna da nasu tsarin. Rijistaran kotu ba zai buɗe rijistarsa ga baƙo ba sai da izini daga ofishin Babban Jojin Jiha ko na Alƙalin Alƙalai. Baturen 'yan sanda na yanki yana jiran umarnin kwamishina, gidan gyaran hali kuma hukumar tarayya ce da ke karɓar umarni daga Abuja. Samun waɗannan takardu yana ɗaukar watanni, don haka ana sa lokacinsa a jadawalin aiki tun farko. Ana kuma lissafa sauyin ma'aikata: jami'in da aka horar yau ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, lauya mai yi wa ƙasa hidima kuma shekara ɗaya yake yi. Maganin hakan shi ne a horar da aƙalla mutum biyu a kowane ofis, a bar musu ɗan littafin jagora da Hausa.

Da ɗan kwangilar manhaja kuma, abu uku ake rubutawa ƙarara: biya kashi-kashi ne gwargwadon abin da aka gwada aka ga yana aiki, asalin rubutun manhajar da kalmomin sirrinta mallakin ƙungiya ne, sannan akwai watannin gyara kyauta bayan miƙa aiki.

Fasahar da ta dace da ƙasa

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina domin daƙile 'yan bindiga, Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da Funtua duk suna ciki, ba a kuma fara maido da su ba sai a Disamba. A daidai lokacin gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. Duk tsarin da ya dogara kacokan da intanet ya daina aiki na tsawon watanni, a daidai lokacin da kame ya yawaita. Wannan ya isa ma'auni ga duk mai tsara aiki a yankin.

Manhajar da ta dace da Daudawa ita ce wadda ake cikawa ko babu sabis, ta ajiye bayanan a cikin waya, ta tura su duk sa'ar da aka samu layi. Akwai irinta na kyauta, kamar KoboToolbox da ODK, waɗanda ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna amfani da su, kuma sau da yawa gyara ɗaya daga cikinsu ya fi gina sabuwa arha da ɗorewa. Ana ajiye fom na takarda mai tambayoyi iri ɗaya da na manhajar, domin idan waya ta mutu aiki ya ci gaba. Ƙaramin sola na caji ya fi janareta, tun da janareta yana cin mai kullum.

Ta ɓangaren jama'a, ƙaramar waya mai maɓallai ta fi yawa a karkara, kuma mutane da yawa sun fi sakewa da magana a kan rubutun boko. Kiran murya, saƙon murya ta WhatsApp da shirin rediyo mai karɓar kira sun fi isa ga mutane a kan shafin intanet. Akwai kuma batun mata. A gidaje da dama wayar ta maigida ce, ko ana aron ta ɗan'uwa. Matar da ke neman shawara kan rikicinta da mijinta ba za a tura mata saƙo a wayarsa ba. Tsari mai hankali yana tambayar mai kira lokacin da za a iya neman ta da lambar da ta aminta da ita, yana kuma tanadar mace da za ta amsa. A Uganda ƙungiyar BarefootLaw ta yi suna da ba da shawara ta saƙon waya da Facebook, amma ita ma tana haɗawa da zuwa ƙauyuka ido da ido.

Kafin a baza aiki ko'ina, ana gwada shi a wuri ɗaya, misali kotu guda da caji ofis guda, na 'yan watanni. Gyara a wannan mataki ba ya cin kuɗi sosai.

Riƙon kuɗi

Kuɗin tallafi amana ce mai sharaɗi. Abin da aka ware domin horo ba a sayen kwamfuta da shi sai da izinin mai tallafi a rubuce. Yawanci kashi-kashi ake sakin kuɗin, kaso na gaba ba ya fitowa sai an karɓi rahoton na baya, don haka jinkirin rahoton ƙungiya ɗaya yana iya tsayar da albashin kowa. Kafin a sayi kaya masu tsada ana neman farashi daga 'yan kasuwa uku, kowace na'ura kuma ana ba ta lamba a rubuta sunan wanda ke riƙe da ita. A ƙauye ɗan acaɓa da mai cajin waya ba sa ba da rasit, shi ya sa ake tanadar takardar biya da mai karɓa zai sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kuma amince da wannan tsari da mai tallafi tun kafin mai binciken kuɗi ya zo.

Darajar naira ma abin lura ce. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,400. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ninka kuɗin sufuri. Wayoyi, kwamfutoci da hayar ma'ajiyar bayanai ta intanet duk da dala ake ƙiyasta su, saboda haka kasafin da aka yi da naira kafin wannan lokaci ya kasa sayen rabin abin da aka tsara. Mai tafiyar da aiki yana sayen na'urori da wuri, yana ware wani kaso na ko-ta-kwana, yana kuma sanar da mai tallafi da zarar lissafi ya fara karkacewa, ba sai ƙarshen shekara ba.

Sirrin mai neman taimako

Abin da mutum ya faɗa wa lauyansa sirri ne a ƙa'idar aikin lauya, kuma shigar da shi kwamfuta ba ya sauya hakan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara wajabta a sanar da mutum dalilin karɓar bayanansa, a karɓi abin da ake buƙata kawai, a kuma tsare shi. A yankin da ake farautar masu tsegunta wa 'yan bindiga, ake kuma ramuwar gayya kan wanda ya ba da shaida, jerin sunaye a wayar da ta ɓace yana iya jawo asarar rai. Don haka ana kulle wayoyin aiki, ana sa lamba a madadin suna, ana share bayanai daga waya da zarar an tura su, kuma kowane ma'aikaci yana ganin fayilolin da suka shafe shi ne kawai. Injiniyan manhaja yana gwaji da bayanan ƙirƙira. Mai ba da tallafi yana karɓar jimillar alƙaluma, ba sunaye ba. Fayilolin shari'a ba a yawo da su a zaurukan WhatsApp.

Awo da rahoto

Adadin waɗanda suka halarci taron horo da adadin wayoyin da aka raba suna da sauƙin ƙirgawa, amma ba sa nuna ko an taimaki kowa. Ma'aunin da ya fi ma'ana shi ne kwana nawa mutum ke yi a tsare kafin ya ga lauya, fayil nawa aka gano sun wuce wa'adi aka kai gaban alƙali, mutum nawa suka samu beli, da rikicin gado nawa aka sasanta ba a koma kansa ba. Ana ɗaukar waɗannan alƙaluma tun kafin a fara aiki, domin a samu abin kwatantawa. Taron abokan aiki na wata-wata, ko da ta waya ne, shi ke fito da matsala tun tana ƙarama. Rahoton da ya faɗi abin da bai yi aiki ba da dalilinsa yakan ƙara wa ƙungiya daraja a wurin masu tallafi, domin su ma sun san yanayin ƙasar.

Bayan tallafi ya ƙare

Duk mutumin karkara ya san rijiyar burtsatsen da aka buɗe da biki, ta yi shekara tana ba da ruwa, wani ɗan ƙarfe ya lalace, ba a san wanda zai saya ba, ta tsaya. Manhajar da ba a yi mata tanadi ba haka take ƙarewa: kuɗin hayar ma'ajiya ya ƙare, layin kyauta ya rufe, kalmar sirri tana wurin ma'aikacin da ya bar aiki. Ba ma dole sai wa'adi ya cika ba. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje kwatsam, ayyuka da dama a Nijeriya suka tsaya a tsakiya.

Tanadin ficewa tun ranar farko ake yin sa. Ana lissafa abin da tsarin zai ci a shekara bayan tallafi, wato data, hayar ma'ajiya, gyaran na'urori da alawus ɗin mai kula, a nemi hukumar da za ta sa shi a kasafinta, ko ɓangaren shari'a na jiha, ko Ma'aikatar Shari'a, ko Hukumar Taimakon Shari'a. Tun da kasafin gwamnati shekara-shekara ake yin sa, maganar tana farawa aƙalla shekara guda kafin rufewa. Idan babu mai ɗauka, a rage tsarin zuwa abin da ƙungiyar za ta iya riƙewa da kanta. Ana miƙa na'urori a rubuce, ana fitar da bayanai a sigar da kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, ana buga kwafin takarda na shari'o'in da ba a kammala ba. Kowace shari'a da ke buɗe ana damƙa ta ga wani lauya da aka ambata da suna, a sanar da mai ita ko iyalinsa wanda zai ci gaba da ita da ofishin da za su same shi.